Sabon Galaga Ya Zauna Kusa Da Tsoho, Kada Ya Hau Kujerarsa

Duk wanda ya buɗe kundin tsofaffin wasannin kwamfuta mai suna Namco Museum, wanda ya fito a kan na'urar PlayStation 2 a shekarar 2001, zai tarar da sunan Galaga har sau biyu a cikin jerin wasannin. Na farko shi ne na asali, wanda kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar a 1981. Na biyu kuwa, mai suna Galaga Arrangement, shi ne wanda kamfanin ya sake ƙerawa a 1995, ya ƙara masa launi da kiɗa da sababbin abokan gaba. Ba wuya a gane wanda hannun yaro zai fara kaiwa. Sabon ya fi ƙyalli, ya fi hayaniya, kuma mutum biyu suna iya bugawa a lokaci guda. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne ranar da aka ɗauke tsohon aka bar sabon shi kaɗai, har mai wasa ya tashi yana zaton abin da mutanen 1981 suka sani ke nan.

Ga mai karatun da bai taɓa ganin wasan ba, bayaninsa ba shi da tsawo. Akwai ɗan kumbo a ƙasan allo, ba ya zuwa gaba, ba ya komawa baya, sai dama da hagu kawai. Daga sama rundunar ƙwari arba'in ce take shigowa ƙungiya ƙungiya, suna shawagi, su jeru sahu sahu, sa'an nan su riƙa rabuwa da sahun suna sukuwa ƙasa suna jefo harsashi. Mai wasa yana da sanda ɗaya da maɓalli ɗaya, kuma harsashinsa ba ya wuce biyu a kan allo a lokaci guda. In ya harba biyu suka kuskure, sai ya jira su fita kafin na gaba ya tashi. Saboda haka mai harbin kan mai uwa da wabi ba ya daɗewa. A ƙarshen wasa ma na'urar takan lissafa masa yawan harsashin da ya harba, da yawan wanda ya sami abin hari, ta fitar masa da kashi nawa ne cikin ɗari, tamkar malamin da ke mayar wa ɗalibi takardar jarrabawa.

Amma abin da ya ɗaukaka Galaga a kan magabatansa, watau Space Invaders na kamfanin Taito na 1978 da Galaxian na Namco na 1979, wata dabara ce guda. A can saman sahu akwai manyan ƙwari huɗu, waɗanda sai an harbe su sau biyu suke mutuwa. Lokaci lokaci ɗayansu yakan sauko ya tsaya, ya saki wani haske mai zuƙowa, in kumbon mai wasa ya shiga cikinsa sai ya ɗauke shi ya koma da shi sama a matsayin fursuna. An yi hasarar rai ɗaya ke nan. To, amma in mai wasa yana da sauran kumbo, ya kuma yi haƙuri har babban ƙwaron ya sake sukuwa ƙasa da fursunan, ya harbe shi a cikin wannan sukuwar ba tare da ya sami fursunan ba, sai kumbon da aka kama ya sauko ya manne da ɗan'uwansa, su zama biyu a jere, harbi ya ninka. In ya yi gaggawa ya harbe ƙwaron yana cikin sahu, fursunan yakan juya ya zama abokin gaba. In harsashi ya sami fursunan, ya tafi ke nan. Kuma ko da an yi nasara, kumbo biyu sun fi ɗaya faɗi, sun fi sauƙin samu.

Ma'anar wannan ita ce, gwanin Galaga da gangan yake miƙa ransa ɗaya ga abokin gaba, bisa fatan ya karɓo shi da riba. Caca ce, kuma nauyinta yana cikin abin da aka zuba. A ɗakunan wasa na Japan ana jefa tsabar yen ɗari ne a cikin akwatin, a Amurka kuwa, inda kamfanin Midway ya rarraba wasan, kwata ɗaya ta dala. Galaga na asali ba shi da damar ci gaba daga inda aka mutu. In kumbon ƙarshe ya fashe, kuɗin ya ƙare, sai a koma matakin farko ko a ba na baya wuri. Yaron da ya tsaya gaban wannan akwati da tsabarsa ta ƙarshe, yana kallon hasken nan yana saukowa, shawara ce ta gaske a gabansa.

Wannan nauyi shi ne abin da kundayen zamani suka fi saurin zubarwa. A gida, jefa kuɗi ya koma danna maɓalli, sau nawa mutum ya so. Wasu kundayen, kamar Capcom Arcade Stadium na 2021, wanda yake ɗauke da wasan harbin jiragen sama mai suna 1943, har sun ƙara da damar mayar da lokaci baya: in harsashi ya sami mutum, sai ya janye 'yan daƙiƙu ya gyara kuskurensa, ko ya rage saurin wasan baki ɗaya. Mai wasa yana iya kaiwa ƙarshe a zama ɗaya ba tare da ya koyi kome ba, sa'an nan ya ajiye yana cewa ashe wasannin dā ba su da wani abin a zo a gani. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasan da aka gina a kan tsoron hasara, in an cire hasarar, ƙwari ne kawai suke yawo a kan allo.

Wajibi ne kuma a yi wa masu sake ƙerawa adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Akwatunan dā ba don ilimi aka yi su ba, don cin kuɗi aka yi su, kuma wani ɓangare na wahalarsu dabarar ɗan kasuwa ce, domin mai wasa ya mutu da wuri wani ya jefa nasa kuɗin. Ma'aikacin da ya dawo daga ofis a gajiye, ko ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, ba shi da watannin da zai ɓata yana haddace hanyoyin ƙwari. Galaga Arrangement kansa aiki ne mai kyau. Bai yar da dabarar fursuna ba, faɗaɗa ta ya yi, ya kawo manyan ƙwari iri iri, kowanne da irin harbin da ake samu in an ƙwato kumbo daga hannunsa. Ya kuma sa wa wasan ƙarshe, da wani babban abokin gaba da ake karawa da shi, alhali na asali ba shi da ƙarshen labari, matakai ne kawai suke ta ƙaruwa har mutum ya gaza. Uba da ɗa su zauna su buga tare, wannan riba ce da tsohon bai bayar ba, tun da shi bi da bi ake yin sa.

Sai dai abin lura shi ne yadda Namco ya gabatar da shi tun farko. A akwatin Namco Classic Collection Vol. 1 na 1995 an sa wasanni uku, Galaga da Xevious da Mappy, kowanne da na asali da sabo, mai wasa ya zaɓa. A wannan shekarar kuma kamfanin ya fitar da Namco Museum na farko a kan PlayStation, inda mai wasa yake zagaya wani gidan tarihi a cikin allo, yana duba takardun talla da hotunan kayan cikin akwatunan kafin ya kai ga wasan. Kundin Atari 50 na 2022, wanda kamfanin Digital Eclipse ya haɗa, ya bi wannan hanya har ya zarce: ya jera wasanni fiye da ɗari bisa tsarin shekaru, da hira da waɗanda suka ƙera su, sa'an nan ya ware 'yan sababbin da aka sake ƙerawa ya nuna sababbi ne. Kowane ma'aikacin rajista ya san ƙa'idar. In an sake buga tsohuwar wasiƙa da keken rubutu domin ta karantu, ana maƙala sabuwar ne a kan tsohuwar, ba a yaga ta asali.

Ba kowane kamfani ne yake kiyaye wannan ba. A 2021, da kamfanin Rockstar zai fitar da sabon bugun wasanninsa uku na Grand Theft Auto, sai ya fara janye na asali daga shagunan intanet. Da sabon ya fito cike da kurakurai, jama'a suka yi ca, sai kamfanin ya nemi gafara ya mayar da na asalin a shagonsa na kwamfuta. Wannan ya faru ne ga wasannin da miliyoyin mutane suka sani, masu ɗimbin masu kare su. Ƙaramin wasan harbi na shekarun 1980 da ba shi da mai tsaya masa, in an janye shi, shiru za a ji. Binciken da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Da yawa daga cikin akwatunan dā ba su tsira ba sai ta hanyar aikin sa kai na manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya soma a 1997 domin kwaikwayon na'urorin cikinsu a kan kwamfuta.

Dalilin da ya sa na asali ba ya musanyuwa kuwa, har da kurakuransa da ƙuncin na'urarsa. Labarin Space Invaders ya isa misali. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙera shi, ya lura cewa na'urarsa mai rauni takan yi sauri in abokan gaba suka ragu a kan allo, domin aikin zana su ya yi sauƙi. Bai gyara ba, ya bar shi haka, sai ga shi wannan saurin na ƙarshe ya zama zuciyar wasan. Ɗalibin da ke koyon aikin kwamfuta ba zai ga wannan darasi a cikin sabon bugu ba, inda saurin ya zama abin da aka rubuta da gangan a kan na'urar da ta fi ta dā ƙarfi ninki dubbai. Gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shigar da Space Invaders cikin taskarsa a 2013, shekara guda bayan ya karɓi Pac-Man da Tetris. Ko tsayin allo ma yana da magana. Galaga a tsaye aka yi allonsa, domin ƙwari su sami nisan sukuwa. A talabijin na gida mai faɗi sai a matse shi a tsakiya, ko da yake Namco Museum na 2017 a kan Nintendo Switch ya ba da damar a juya na'urar a tsaye.

Da yawa daga cikin waɗanda suka girma a nan a shekarun 1990 sun san Galaga ne ta kaset ɗin nan na jabu mai alkawarin wasanni dubbai, wanda ake sakawa a na'urorin kwaikwayon Famicom da ake haɗawa da talabijin. Shi ma ba na akwatin asali ba ne, bugun gida ne na 1985, amma ƙa'idarsa ba ta sauya ba: rai uku, babu ci gaba, babu mayar da lokaci. Wanda ya sayi kundi yau domin 'ya'yansa yana da hanyar da zai ba su wannan ɗanɗano ba tare da ya hana su sabon ba. Ya buɗe na 1981, ya danna kuɗin shiga sau ɗaya tak, ya ce wanda kumbonsa ya ƙare ya miƙa wa na kusa da shi. Mataki na uku shi ne na gwaji, inda ƙwari arba'in suke wucewa ba sa harbi, wanda ya kakkaɓe su duka yana samun maki dubu goma. Da kumbo biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don haka tun a mataki na ɗaya ko na biyu yaron zai yanke shawara ko ya shiga hasken ko ya kauce masa.