SANA'A SA'A: Ba a Dukan Tozon Jan Ƙarfe

Filinmu na wannan mako ya yada zango a Bukuru, kudu da Jos, garin da kuza ta raya. A nan ne babban kamfanin nan Amalgamated Tin Mines ya yi zamaninsa, kuma domin ma'adinan wannan yanki ne aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, ya riƙa jawo wuta daga Kurra. Inda duk injuna da lantarki suka taru kuwa, lalle a sami jan ƙarfe, a kuma sami gwanayen sarrafa shi. Amma tun da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, hannayen da suka san wannan aiki sai raguwa suke yi. Yau idan fallen jan ƙarfe ya karkace, abin da yaro ya sani shi ne ya kai wa masu sayen gwangwan su ɗora a sikeli, alhali kuwa gyaransa bai fi aikin hantsi ɗaya ba.

Kayan aikin ba su da yawa: gudumar icce, da masaɓa mai santsin fuska, da uwar maƙera ko wani faifan ƙarfe mai kauri wanda ya miƙe sarai, da awartaki, da gawayi, da bokitin ruwa.

Da farko sai a san halin ƙarfen. Jan ƙarfe yana da taushi, amma duk sa'ad da aka buge shi ko aka lanƙwasa shi sai ya ƙara tauri, har in an matsa masa ya tsage. Maganin wannan shi ne wuta. A gasa fallen ko'ina daidai, a cikin inuwa domin ido ya ga launi, har ya soma yin ja-ja kamar garwashin da ya fara mutuwa. Kada a wuce nan, gama yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin zafi, kuma bakin falle marar kauri ba ya jimre wa zuga. Daga nan sai a tsoma shi a ruwa. Maƙeran baƙi za su yi mamaki, domin su a wurinsu tsomawa ita ke sa wuƙa tauri. Shi jan ƙarfe kuwa da taushinsa yake fitowa. Baƙin da wuta ta bari, ruwan tsamiya da gishiri na wanke shi.

In lanƙwasa ce kawai, aikin mai sauƙi ne: a shimfiɗa fallen, a ɗora masa katako, a bi da gudumar icce sannu a hankali, ana juya shi.

To, inda gizo ke saƙa shi ne fallen da ya yi tozo a tsakiya, wanda in ka danna nan sai ya ɓullo can. Kowane sabon hannu tozon yake hara da masaɓa, nan kuwa ɓarna take. Dalilin tozon shi ne ƙarfen tsakiya ya miƙe ya fi na gefe yalwa, ya rasa wurin kwanciya, sai ya tashi. Kowane bugun ƙarfe a kan ƙarfe ƙara masa yalwa yake yi, watau mai dukan tozo ciyar da shi yake. Gwani sai ya zana da'ira da alli kewaye da tozon, ya bar cikinta, ya bi gefe da bugu ƙanana, masu yawa a bakin falle, suna raguwa yayin da yake kusantar allin. Gefen na buɗewa, tozon na kwanciya da kansa. Idan kuwa bakin ne ya yi tattara, tsakiya lafiya lau, sai a juya dabarar: a bugi tsakiya, a ƙyale baki. Da an ji ƙarar bugu ta sake, fallen ya soma gardama, sai a koma wuta. Bayan kowane zagaye a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, a duba inda haske ke ratsawa.

Gargaɗi ɗaya ga mai nufin yin tukunya ko tire na abinci: a shafe cikinsa da kuza tsantsa, wadda ke narkewa a digiri 232, domin tsami na cin jan ƙarfe. Kada a kuskura a sa dalma. Abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa ishara.

Kiranmu ga dattawan maƙera na Bukuru da Jos shi ne su zaunar da yara su nuna musu wannan tun da sauran ƙarfinsu. Ga samari kuma, kafin ka ɗora falle a sikeli, ka tuna mai saye kuɗin nauyi kaɗai zai biya, ladan gyara kuwa na mai hannu ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.