Fankam-Fankam Ba Shi Ne Kilishi Ba: Jan Kunne Kan Gogen Fentin Mota

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Jama'a, 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, yau maganarmu kan mota ce. Da yawa daga cikinku direbobi ne, wasu masu wankin mota, wasu dillalai, wasu kuma sun yi shekaru suna tara ɗan abin da suka samu don su sayi ta hawa su tafi da ita gida. To, akwai wata sana'a da ta yi kasuwa a nan Abuja, musamman a ƙauyen makanikai na Apo da wuraren wankin mota na unguwanni, watau kankare fentin mota da samfefa da ruwa, sa'an nan a bi shi da injin goge har ya yi ƙyalli kamar sabo. Sana'ar ba ta da aibu. Amma ra'ayina shi ne, yadda ake yin ta a yau ba tare da awo ba, ta fi cutar mai mota da mai saye a kan amfanin da take yi musu.

Bari mu fara da sanin abin da ake gogewa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, sai shafin share fage, sai launi, kana a rufe duka da wani shafi garai-garai kamar gilashi, wanda za mu kira fatar sama. Ita ce mai sheƙi, ita ce kuma ke tare zafin rana don kada launi ya koɗe. Ana auna kaurin fenti da maikuron, watau milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Dukan hawa huɗun nan a motar da ta fito daga kamfani yawanci tsakanin maikuron 100 ne zuwa 180, fatar sama kuwa ita kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Takardar littafin makaranta ɗaya takan kai kimanin 100. Ashe ke nan abin da ke kare motarka daga rana bai kai rabin kaurin takarda ba.

Dattawan direbobi za su ce ai sun sha goge Fijo 504 irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba ta taɓa yin komai ba. Gaskiya ne, amma yawancin fentin wancan lokaci launi da sheƙi a haɗe suke, in ka goge sai ka ga launin a jikin tsumma, wani sabo ya fito daga ƙarƙashi. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma wa fenti mai fatar sama. Wanda ya yi wa wannan irin gogen waccan, garin neman gira zai rasa ido.

Ga yadda aikin yake in an yi shi bisa ƙa'ida. Samfefar da ba ta jin ruwa tsohuwar aba ce, kamfanin 3M na Amurka ya fito da ita tun 1921. Ana jiƙa ta, a yi ta fesa ruwa mai ɗan sabulu a wurin, don ruwan ya kwashe garin fenti ya kuma hana zafi. A fara da mai lamba 1500, a bi da 2000, a ƙare da 3000, don gwargwadon girman lamba gwargwadon laushinta. Wurin zai yi fari ya dushe. Daga nan sai a sa man goge mai ɗan kaushi a faifan ulu, inji ya share sawun samfefa, a sake bi da soso da mai mai laushi, a rufe da kakin mota. Da wannan ake gyara fentin da ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, da wanda ya zubo kamar hawaye, da ƙurar da ta maƙale lokacin feshi, da ƙananan karce.

To, a lura da kyau. Duk wannan aiki ba ya cike karce. Abin da yake yi shi ne ya ci fentin da ke kewaye har ya sauko daidai da zurfin karcen. Kowane goge ragi ne, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa gwanayen aikin ba sa taɓa mota sai sun ɗora mata ɗan ma'aunin kaurin fenti, wata na'ura da ba ta fi wayar hannu girma ba. In karce ya kama farce, sun san ya yi zurfi, sai feshi. In sun zo kan gefe ko kusurwa, inda fenti ya fi siranta, sai su rufe da tef, don inji mai juyi sama da 1,000 a minti ɗaya yana iya ƙone wurin kafin ƙiftawar ido.

A garejinmu fa? Ido ne ma'auni. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai babu idon da ya san kimar rabin takarda. Yaro ya yi wata biyu yana kallon maigida, sai a miƙa masa inji. Mota ta fito tana walƙiya, mai ita ya biya yana murna. Sa'an nan ranar Abuja ta watan Maris ta sauka a kan rufi da bonet, damina ta biyo, hunturu ya zo da ƙurarsa. Sai a ga fararen tabo sun fito, fatar sama tana saɓulewa kamar zanen maciji. A lokacin babu sauran magani sai sabon fenti, wanda kuɗinsa ya ninka na gogen sau da yawa, darajar motar kuma ta faɗi, don kowa ya san mai fentin kamfani ta fi tsada a kasuwa.

Wannan ɓarnar jahilci ce. Akwai kuma ta ganganci, ita ce ta fi shafar ku. Yawancin motocin da ake sayarwa a Abuja na hannu ne, ta tashar jiragen ruwan Apapa da Tin Can suke shigowa, ko ta Kwatano. Cikinsu akwai waɗanda suka yi hatsari a Amurka aka yi gwanjonsu. Sai a buga jikin, a cika lotsawar da fila, a fesa fenti, a kankare, a goge, a ce maka ba a taɓa ta ba. Wasu ma ba sa wahalar kankarewa, wani mai suke shafawa da ke ɓoye karce, bayan wanki uku ko huɗu komai ya dawo. Mutumin da ya yi shekara goma yana gadi ko tura kura a Ikko, a ce ƙyallin kwana bakwai ya raba shi da guminsa, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Wani zai ce ai kwalliya ba laifi ba ce, kowane mai haja yana gyara kayansa. Haka ne, ba wanda ya hana a wanke mota a goge ta kafin a kai ta kasuwa. Laifin yana wajen ɓoye aibu da musun an yi gyara. Wani kuma zai ce ma'aunin na masu kuɗi ne. Alhali kuwa wanda ya iya sayen injin goge da janareta, ma'auni ba zai gagare shi ba, kuma motar mutum ɗaya da ya ƙone ta fi shi tsada.

Saboda haka, mai saye, kada ka duba mota da yamma ko tana jiƙe, don ruwa yana ɓoye karce. Ka dube ta da rana tsaka, a busshe. Ka duba robar gilashi da bakin ƙofa ko akwai ɓurɓushin feshi. Ka naɗe ɗan maganaɗisu da ƙyalle ka bi jikin ƙarfen, inda fila ta yi kauri ba zai kama sosai ba. In da ma'auni, a gwada kowane ɓangare: inda ya nuna ninki biyu ko uku na sauran, an sake fenti, inda ya doshi 1,000, akwai fila. Motar Amurka kuwa tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, da ita ake bincika tarihinta a intanet. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Mai mota, ka san cewa yawancin karcen da ke kai ka wajen mai goge a gida ake yin sa. Ƙurar hunturu yashi ne, goge ta da busasshen tsumma daidai yake da bin motar da samfefa. A watsa ruwa tukuna, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a ware tsumman taya dabam. Kashin tsuntsu kada ya kwana. Kankarewa da samfefa kuwa a bar ta sai ta zama dole, ba abin yi ba ne duk sallah.

Ku kuma samarinmu masu wankin mota a Agege da Mile 12 da Sabon Badun, ga sana'a a gabanku in za ku koye ta da gaske. Ku gwada hannu a kan tsohuwar ƙofa ta 'yan gwangwan kafin ku taɓa motar mutane, ku kuma sa abin rufe hanci wajen feshi, don hayaƙin fenti yana cin huhu. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, ya kamata su ba wannan fanni muhimmanci, shugabannin ƙungiyoyin makanikai na Apo kuma su sa dokar cewa ba a ɗora inji kan mota sai an auna an gaya wa mai ita. Wanda ya fara yin haka, shi masu motoci za su riƙa nema da suna.

Allah ya ba mu halaliyarmu, ya tsare mu da cin gumin wani, amin.