Gargaɗi a Kan Masu Jiran Mulkin Shekara Dubu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, wani almajirina ya komo daga kasuwar Argungu da wata 'yar takarda, an zana zaki kwance kusa da ɗan rago a bangonta, ya ce da ni, "Malam, ashe ba wannan muke jira mu ma ba?" Saboda wannan tambaya na ɗauki alƙalami.

Ka sani, ya ɗan'uwa, wata ƙungiya daga cikin Nasara sun ƙudurce cewa Almasihu zai komo, a ɗaure Shaiɗan, ya yi sarauta a bayan ƙasa shekara dubu kafin hisabi. Hujjarsu sura ta 20 ce ta littafinsu na ƙarshe, Ru'ya ta Yohanna. Su kansu ba su haɗu a kanta ba, domin babban malaminsu Agustin, mutumin Arewacin Afirka wanda ya rasu a 430, ya yi mata tawili da zamanin coci. Amma mu, abin da ya zo mana shi ne Annabi Isa, alaihis salam, zai sauka yana bawa, ya kashe Dujal, ya karya gicciye, ya yi hukunci da shari'ar Annabinmu, kuma a riwayar Abu Dawuda ya zauna shekara arba'in, ya rasu, Musulmi su yi masa salla. Wanda za a sallata, ina shi ina allantaka?

Mafi munin abin shi ne ƙididdigar lokaci. A Amurka mabiyan Wiliyam Mila suka yanke 22 ga Oktoba 1844, har wasu suka bar amfanin gonarsu ba girbi, gari ya waye babu kowa. Waɗanda daga baya aka kira Shaidun Jehobah suka jira tashin Annabi Ibrahim da Ishaƙa da Yakubu a 1925, har aka gina musu gida a Kalifoniya a 1929. Baƙin ba su zo ba, aka sayar da gidan.

Sai dai kada ka yi saurin dariya, cutar nan ta taɓa shiga gidanmu. A Satiru, kusa da Sakkwato, Malam Isa da Ɗan Makaho suka tara talakawa da zancen Mahdi. A Fabrairu 1906 suka kashe Turawa uku, a Maris aka rushe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu. Zaluncin Nasara gaskiya ne, ba na wanke su, amma wa ya gaya wa waɗannan bayin Allah sa'a ta yi? Tartsatsin ya iso har ƙasar Gwandu, aka zargi Sarkin Gwandu Bashiru, aka tuɓe shi a shekarar. Alhali Shehu Usmanu, Allah ya yarda da shi, da mutane suka ce shi ne Mahdi, ya musanta da bakinsa da alƙalaminsa.

Na mayar wa yaron takardarsa ban yaga ba, na ce idan ya sake gamuwa da mai ita ya gaishe shi da mutunci, ya tambaye shi labarin 1925. Wallahu a'alamu. Tammat.