Daga Kano zuwa Jidda: Sa'o'i Huɗu da Rabi, In Sudan Ta Kwana Lafiya

Wani ɗalibina da mahaifiyarsa za ta tafi Umara ya kawo mini tikitinta cikin damuwa. An rubuta jirgi zai tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare, ya sauka Jidda bayan huɗu da rabi na asuba, alhali ya sha jin cewa tafiyar ba ta kai sa'o'i biyar ba. Sai na tuna masa cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'o'i biyu. Ya yi dariya ya tafi. Ni kuwa na zauna da lissafin a raina.

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan an miƙe. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a sa'a, don haka sa'o'i huɗu ke nan, a ƙara da lokacin hawa da na sauka. Sai dai wannan miƙaƙƙiyar hanya ta kan Chadi da Sudan ta bi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana gab da jigilar alhazai. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta yi tsawo, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. Ba Kano ce ta gusa ba, ba kuma Jidda ba. Hanyar ce ta toshe.

Abin da ya dame ni shi ne, da yawanmu a ranar ne muka tuna akwai Sudan a ƙarƙashin fukafukin jirgin. Kakanninmu ba su taɓa mantawa ba, domin da ƙafa da jaki suka ratsa ta. Su fita ta Borno, su bi Wadai, su shiga Darfur, su yada zango a Fashir da Ubayyid, su yi noma ko ƙodago har guzuri ya taru, kafin su kai Suwakin a gaɓar Bahar Maliya. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani ya haifi 'ya'ya a hanya bai komo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mabiyansa suka ci gaba da hijira gabas, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna can har gobe, kuma da Hausa ko Fulatanci za su amsa maka sallama. Hatta jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ta wannan hanyar suka biyo daga Masar.

Idan sararin samaniyar Sudan a buɗe yake, alhaji yana wuce duk waɗannan zangunan yana gyangyaɗi, kafin a kwashe kwanon abinci an bar Darfur a baya. Ba na ƙyashin wannan sauƙi. Tsohuwar da ba ta iya zuwa kasuwa da ƙafa tana ɗawafi saboda shi. Amma na saurari muhawarar 2023 da kyau, a rediyo da majalisu. Kusan dukanta a kan dala nawa za a ƙara wa kujera ne. Ban ji an tambayi halin da Hausawan Sudan suke ciki ba, waɗanda kakanninsu suka tsaya a rabin hanyar da muke kukan ta ƙara mana sa'o'i.