Ka Yi Oda a Intanet, Gyara Kuma Sai Ka Tuna da Ni?

Ɗan'uwa, mu gaya wa juna gaskiya. Ka zo shagona nan Yelwa, ka jujjuya jakar da ke hana ruwa shiga waya, ka tambayi kuɗi, ka ɗau hotonta, sannan ka koma gida ka yi oda saboda ragin naira 500. Kuɗin direban da ya kawo ta daga Kontagora fa, wa ya biya?

Makon jiya wani masunci daga Warra ya kawo min wayarsa, ta sha ruwa, ko caji ba ta ɗauka. Jakar oda ce, bakinta ba ya kamawa, wanda ya sayar masa kuma ya daina ɗaga waya. A nan kuwa sai mun sa takarda ciki mun tsoma a bokiti a gabanka. In ta jiƙe, ajiye min kayana.

Kar IP68 ta ruɗe ka. Yawanci mita 1.5 ne na minti 30 a ruwan gwaji, ba tsakiyar Kainji ba.

Waya dai ana gyara ta. Rigar kariya ta shiga kwalekwale ce ke ba ni tsoro wallahi. Duk da hatsarin Warra na Mayun 2021, wani daga hoto zai saye ta, bai gwada ko za ta ɗauki nauyinsa ba.