Kuɗin Kaya Ba Naka Ba Ne, Malam Mai Famfo

Maganarmu ta wannan makon za ta sosa wa wasu rai, amma yin shiru ba zai gyara ta ba.

Duk mun san labarin. Ka kira mai gyaran famfo, ya duba, ya ce a ba shi kuɗin kaya, ka tura masa. Kwana uku wayarsa a kashe. Rana ta huɗu ya ɗauka, ya ce yana Ƙofar Ruwa yana ciniki, alhali kuɗinka tuni sun tafi wajen ƙarasa aikin wani gida. Sai mu ce macuci ne. A ganinmu yawancinsu ba macuta ba ne. Sun iya aiki, ba su iya riƙon kuɗin aiki ba. Wannan ma laifi ne, kuma ba za mu wanke su ba.

Tushen ciwon guda ne: ɗaukar duk abin da ya shigo aljihu a matsayin riba. A ce an ba shi aikin naira 80,000. Bututu, gam da kawunan famfo sun ci 50,000. Kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa 5,000, yaron da ya tona rami 8,000. Abin da ya rage masa 17,000 ne kacal, kuma a ciki ne zai sake sayen zarto ko sifana idan ta lalace. Amma da ya ga alat ɗin 80,000, sai ya auno shinkafa, ya biya bashin mai shago, ya yi gudummawar biki. Gobe babu kuɗin bututu, sai ya jira wani kwastoma ya kawo nasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ya ci ladan ya ɓata da askar.

Za a ce mana rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da farashin kaya suka tashi. Sai dai wannan hujja ce a kansa, ba a gare shi ba. Idan farashi na canzawa kowane mako, wanda ya riƙe kuɗin kaya kwana goma bai saya ba zai tarar ba sa isa, ya cike da aljihunsa ko ya sa kaya marasa kyau.

Za a kuma ce bai yi boko ba. Wa ya ce sai da digiri? Abin da ake bukata bai wuce huɗu ba. Na farko, a raba ma'aji: asusun banki ko na waya ɗaya na aiki, ɗaya na gida. Na biyu, kuɗin kaya su tafi kasuwa ranar da aka karɓe su, a kawo wa mai gida rasit. Na uku, mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako, kada ya wuce shi ko da aiki ya yi albarka. Na huɗu, littafi na kwafi guda, a rubuta wa ake bi, nawa ne, yaushe zai biya, ko da ajami ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Sannan a tuna aikin gida yana da lokaci. Mai gyaran fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba ya hutawa a bazara, da hunturu kuwa zaman benci. Mai gyaran rufi damina ce kakarsa, mai fenti kuma gab da sallah. Wanda ya san haka bai zuba adashi a watannin samu ba, kada ya ɗora wa kasuwa laifi a watannin rashi.

Mu ma masu ba da aikin ba mu tsira ba. Sau nawa aka gama mana aiki muka ce "za mu yi waya"? Naira 10,000 da muka riƙe wata biyu ita ce ta tura shi taɓa kuɗin wani. Ba daidai ba ne mu ci guminsa sannan mu zauna a majalisa muna cewa masu sana'a ba su da alƙawari.

Don haka in kana da ƙane ko maƙwabci mai wayarin, kafinta ko wanki da guga, ka saya masa littafi da biro, ka zauna da shi ku lissafa aikinsa na ƙarshe. In kuma akwai ragowar kuɗin wani mai aiki a wuyanka, ka tura masa kafin ka rubuto mana martani.