Kafin Ki Miƙa Wa Dillali Kuɗin Fili

 

Maganarmu ta yau wata baiwar Allah ce daga Haɗeja ta jawo ta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da aka raba gado, sai ta haɗa tumuninta da kuɗin sarƙarta ta zinare da kwasar adashi, ta ce a nema mata fili ko da rabin fuloti ne, don marayunta su sami wurin sa haƙarƙari. Ƙanenta ya kawo dillali, aka je aka ga wuri a watan Maris, shimfiɗaɗɗe, busasshe, ga kuma araha. Dillali ya ce a hanzarta, domin akwai wani Alhaji da ke nan tafe da kuɗi a hannu. Aka biya. Da marka ta sauka a watan Agusta, ƙanen ya koma don a fara sauke bulo, sai ya tarar yara suna kamun kifi a wurin. Tambayarta ita ce: dillalin nan ya cuce ta ne, ko kuwa ƙaddara ce?

'Yar'uwa, ƙaddara gaskiya ce, amma addininmu ya koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ɗaure raƙumi a nan shi ne ki san abu biyu: abin da ke motsa dillali, da abin da ke motsa farashin fili a garinki.

Dillanci sana'a ce ta halal, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinta. Ba don dillalai ba, da yawancinmu da muke cikin gida ba za mu san inda ake sayar da fili ba. Sai dai ki riƙe wannan: abincin dillali la'ada ce, la'ada kuwa ba ta fitowa sai an ce an sallama. Idan ya gaya miki filin yana cin ruwa kika fasa, ya ƙona man babur ɗinsa a banza, ranar kuma ba cefane. Ke burinki gidan da za ki zauna shekara talatin, shi burinsa ciniki ya faɗa kafin Juma'a. Ko da ba mugu ba ne, buƙatarki da tasa ba ɗaya ba ce.

Haka abin yake idan ke ce mai sayarwa. Mu ɗauka kun yi da shi a kan kashi 5 cikin 100. An taya gidanki naira miliyan 4, la'adarsa 200,000 ke nan. Idan aka jira wata biyu aka sami mai ba da miliyan 4 da dubu 400, ke kin ƙaru da 380,000, shi kuwa 20,000 kacal ya ƙaru da ita, bayan wahalar wata biyu. To, me zai hana ya ce miki, "Hajiya, ki sallama, kasuwa ta mutu"? Wannan hali ba a nan ƙasar kaɗai yake ba. A Amurka, wasu malaman Jami'ar Shikago biyu, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi diddigin cinikin gidaje kusan 100,000, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan gidan na dillalin ne da kansa, yakan ƙara jira na kusan kwana 10, kuma ya sayar da ƙarin sama da kashi 3 cikin 100. Wato ya san amfanin haƙuri, amma sai a kan nasa.

Inda haram take shigowa shi ne wurare uku. Na farko, ɓoye aibin abin sayarwa, wanda shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya saboda shi. Na biyu, ɗora riba a sama a ɓoye: mai fili ya ce miliyan 2, a zo a ce miki miliyan 2 da rabi, sannan a karɓi la'ada a wurinki, a karɓa a wurinsa. Na uku, kawo mai tayi na ƙarya don a zuga ki, abin da malaman fiƙihu ke kira najashu, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Alhajin nan da kullum yake "nan tafe da kuɗi a hannu", sau da yawa babu shi.

Yanzu mu dubi kasuwar kanta. A Haɗeja ruwa ne ke yanka wa fili farashi. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ya ratsa ta Ringim da Auyo, ya wuce ta kudancin gari ya nufi fadamun Nguru. A samansa akwai dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, da na Challawa na 1992. Ga kuma kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa shi yake komawa inda ba a saba ganinsa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ba ya buƙatar a ba shi labari: ƙauyuka sun nutse, gonakin shinkafa sun tafi, matasan gari sun kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa.

Duk shekarar da aka yi irin wannan, iyalai sukan taso daga ƙauyukan bakin kogi su nemi mafaka a gari, wasu kuma ba sa komawa. Ga ɗalibai da ma'aikatan kwalejin Binyaminu Usman, ga na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga fataken kifi da shinkafa da riɗi, kowa na neman haya ko fili. Tsofaffin unguwanni irin su Majema da Matsaro da Dubantu sun cika, gari sai faɗaɗa yake yi yana cin gonaki. Kayan gini ma sun yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Saboda haka filin tudu mai takarda ya zama zinare, masu ƙaramin ƙarfi kuma, ciki har da zawarawa da marayu, sai a tura su kwari, inda ake yanka gona da awon igiya a sayar da rani. Idan kika ga fili ya fi na maƙwabtansa araha nesa ba kusa ba, ki tuna ruwa ba ya tsami banza.

Ga shawarwarina, ki ajiye su kusa.

Da farko, kada ki sayi filin da ba a gan shi da damina ba. Gani ya kori ji: a je a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. In ba zai yiwu a jira ba, wakilinki ya koma shi kaɗai ba tare da dillali ba, ya dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai shatar ruwa, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a 2020 da 2022. Ke ma ki shiga gidajen unguwar ki gaisa da matan. Su ne suke kwashe ruwa daga ɗaki da dare, ba za su ɓoye miki ba.

Na biyu, a yanke la'ada tun kafin a fara yawo, a san nawa ce kuma wa zai biya. Ki dage a haɗa wakilinki da mai filin ido da ido, a ji farashi daga bakinsa. Dillalin da ya ƙi wannan ya gaya miki ko shi wane ne.

Na uku, takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. A bincika a ofishin ƙasa ko wurin hanya ce, ko magudanar ruwa, ko an taɓa sayar wa wani. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, ki sani sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da kika biya su karɓe kason. A sami yardarsu a rubuce kafin ki ba da ko da kafin alƙalami.

Na huɗu, wanda ya fi damuna: in kuɗinki ne, a rubuta sunanki. Ba rashin yarda da miji ko ɗan'uwa ba ne. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Sau nawa muka ji an sa filin mace cikin gadon mijinta saboda sunansa ne a takarda, ta rasa mai tsaya mata?

Ita kuwa 'yar'uwarmu mai tambaya, na ba ta shawara ta fara da sulhu ta hannun mai unguwa da dattawa. In ya tabbata mai filin da dillali sun san aibin suka ɓoye, ƙofar kotun shari'a a buɗe take. Ku kuma matan dillalai da kuke karanta wannan fili, ku riƙa tuna wa mazajenku cikin hikima cewa la'adar da aka samu da hawayen marayu, a tukunyarku za a dafa ta.

Allah Ya ba mu muhalli mai albarka, Ya kiyaye mu daga ambaliya da cin haram. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.